Cinikin Biri a Sama: Katin Ƴan Wasa da Dukiyar Takarda

Duk wanda ya yi lakkol a Tajaye, ko Ilela, ko Malbaza, ko Birnin Ƙonni, tsakanin 1985 da 2000, da wuya ya rasa tuna wani ɗan gwangwani ko wata tsohuwar ambulan da yake ɓoyewa a ƙarƙashin tabarma. Abin da ke ciki hotunan ƴan ƙwallon ƙafa ne: wasu an ciro su daga takardar cingam, wasu an yanko su da reza daga tsofaffin mujallu irin su *Onze Mondial* da *France Football* waɗanda suka biyo kayan wani mushe daga Yamai, wasu kuwa bangon kaye ne da aka gama rubutu a cikinsa. Ga Roger Milla na Kamaru yana taka rawa a bakin tuta a 1990. Ga Rashidi Yekini ya rungume raga bayan ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya ta 1994. Ga George Weah da kyautar ƙwallon zinariya ta 1995, ga Kanu na gasar Atlanta ta 1996. Da an fito shan iska sai kasuwa ta ci a gindin dogon yaro: Milla biyu a bakin Abedi Pele ɗaya, ko kuwa a haɗa da ƙosai ɗaya don a cika ciniki.

Babu yaron da ya taɓa ɗaukar wannan gwangwani a matsayin jari. Gara ta ci wasu hotunan, ruwan damina ya jiƙa wasu, sauran kuma iyaye mata suka hura wuta da su, kuma ba a ji wanda ya yi makoki ba.

Yau fa, ɗan wannan mutumin yana riƙe da wayar salula, wayar kuwa tana gaya masa cewa ubansa dukiya ya zubar. Tana nuna masa cewa a watan Agusta na 2022 an yi gwanjon wani kati guda ɗaya na wani ɗan wasan Amurka mai suna Mickey Mantle a kan dalar Amurka miliyan 12 da dubu 600. Labarin gaskiya ne. Amma rabin gaskiya ne, kuma rabin da aka ɓoye shi ne wanda ya kamata malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu su sani, domin a cikinsa ne miliyoyin mutane suka tafka asara. Abin da wannan rubutu ke son tabbatarwa shi ne: sayar wa matasa hoton gwani da sunan dukiya yaudara ce da ta riga ta fallasa har sau biyu a ƙasar da aka ƙirƙiro ta, kuma hankalin da ake kai wa gare ta ya fi dacewa da gwanayen gida waɗanda hotunansu ke ruɓewa ba tare da kowa ya waiwaye su ba.

Yadda shara ta zama zinariya

Katin ƴan wasa ba don kansa aka fara yin sa ba, talla ne. A ƙarshen ƙarni na 19 kamfanonin taba na Amurka suka riƙa cusa ɗan kwali mai hoto a cikin kwalin sigari, don ya tokare kwalin kuma ya ja hankalin mai saye. Wasu daga cikin hotunan na ƴan wasan besbol ne, wato wasan nan da ake dukan ƙaramar ƙwallo da kulki. Daga baya masu yin cingam suka karɓi dabarar, musamman kamfanin Topps, suka mai da ita kan yara.

Kati biyu ne suka fi yin suna, kuma labarinsu ya isa ya bayyana sirrin kasuwar duka. Na farko shi ne na Honus Wagner, wanda kamfanin American Tobacco ya buga tsakanin 1909 da 1911. Wagner ya ƙi yarda a yi amfani da hotonsa, sai aka dakatar da bugun. Waɗanda suka rage a duniya ba su kai ɗari ba, shi ya sa aka sayar da ɗaya daga cikinsu dalar Amurka miliyan 7 da dubu 250 a 2022. Na biyu shi ne na Mantle ɗin nan, bugun 1952. Ya fito ne a ƙarshen kakar wasa, ya yi kwantai. Sy Berger, jami'in Topps da ya tsara shi, ya ba da labari da bakinsa cewa da kayan suka cika masu ɗakin ajiya, sai ya sa aka loda ɗaruruwan akwatuna a jirgin ruwa aka zubar a cikin teku. Waɗanda suka isa hannun yara kuwa, an yi wasa da su, an lanƙwasa su, iyaye sun share su sun zubar.

Ashe ke nan abin da ya ba waɗannan katuna tsada shi ne rainin da aka yi masu. Da kowa ya adana nasa, da babu wanda zai taya shi ko da kuɗin goro. Wannan magana ce mai sauƙi, amma wata al'umma guda mai ilimi da jami'o'i ta manta da ita har shekara goma.

Ambaliyar takarda

A farkon shekarun 1980 jaridun Amurka suka fara ba da labarin tsofaffin katunan da ake saye da tsada. A 1981 kamfanonin Fleer da Donruss suka shigo kasuwar bayan wata shari'a da ta karya kane-kanen da Topps ya yi mata. Score ya biyo baya a 1988, Upper Deck a 1989. Tun 1984 wata mujalla mai suna Beckett ta fara fitar da jerin farashi kowane wata, tana nuna wanda ya hau da wanda ya sauka, tamkar kasuwar hannun jari. Daga nan sai manya suka ƙwace wasan daga hannun yara. Magidanta suka riƙa sayen katuna akwati-akwati, ba su ko buɗe su, suna jibgewa a ɗaki da niyyar biyan kuɗin jami'ar ƴaƴansu idan sun girma.

Kamfanoni kuwa, abin nema ya samu. Galibi ba su faɗi adadin da suke bugawa ba, kuma babu dokar da ta tilasta masu faɗi. Daga wajen 1986 zuwa 1994 injuna ba su huta ba, katuna biliyoyi suka malala kowace shekara. A farkon shekarun 1990 cinikin sababbin katuna ya haura dalar Amurka biliyan ɗaya a shekara. Kowa na ɓoye abin da kowa ke da shi, kowa na jiran ranar da zai sayar wa maƙwabcinsa wanda shi ma ɗakinsa cike yake da irin kayan.

Wani ɓangare na cinikin ma caca ce ƙarara a kan lafiyar ɗan mutum. An fi rububin katin shekarar farko na saurayin da ake sa ran zai shahara. Ga misali Brien Taylor, matashi mai jefa ƙwallo wanda ƙungiyar New York Yankees ta ɗauka a 1991 ta ba shi dalar Amurka miliyan 1 da dubu 550, kuɗin da ba a taɓa ba sabon ɗauka irinsu ba a lokacin. Aka yi ta wawar katinsa. A watan Disamba na 1993 ya ji ciwo a kafaɗa a wurin wani faɗa, bai taɓa taka babbar gasa ba har ya bar wasa. Masu ƙwallon ƙafa ma sun ga irin wannan: Freddy Adu, haifaffen Tema ta ƙasar Gana, ya fara buga wa D.C. United a 2004 yana ɗan shekara 14, ana kiran sa magajin Pele. Ya ƙare yana yawo tsakanin ƙungiyoyi fiye da goma. Waɗannan samari ba su cuci kowa ba. Waɗanda suka ɗora wa gwiwarsu da kafaɗarsu farashi su ne suka yi wa rogo kallon kitse.

A ranar 12 ga Agusta 1994 ƴan wasan besbol suka shiga yajin aiki, har aka soke wasan ƙarshe na shekarar, abin da ba a taɓa gani ba tun 1904. Ran masu kallo ya ɓaci, masu saye suka ja baya, masu ɓoyo suka fito da kayansu a lokaci ɗaya. Dubban shaguna suka rufe. Har yau mafi yawan katunan wancan zamani ba a sayar da su ɗaya-ɗaya. A kwali ake ba da su, wani lokaci a kan kuɗin da bai kai wanda aka saye su shekara 30 da suka wuce ba. Amurkawa da kansu sun laƙaba wa lokacin sunan da ke nufin zamanin tarkace.

Abin da manomin albasa ya riga ya sani

Ba sai an je Amurka ba kafin a fahimci wannan. Manomin albasa na Galmi ya san cewa a watannin Maris da Afrilu, lokacin da kowa ya cire tasa, buhu faɗuwa yake yi warwas. Wanda ya samu halin zuba tasa a rudu ya jira watanni, shi ke ganin riba. Amma dabarar tana ci ne don dalili biyu: albasa ana cin ta, saboda haka kullum raguwa take yi, kuma babu wani mutum ɗaya da ke iya haifar da buhu miliyan a dare ɗaya. Katin ɗan wasa ya rasa duka biyun. Ba a miya da shi, ba ya ƙarewa, kuma wanda ya sayar da shi yana nan tsaye a gindin injinsa.

Mutanen bakin iyaka sun fi kowa sanin sharrin takardar da wani ke riƙe da injin buga ta. Dattawan Ƙonni ba su manta da watan Afrilu na 1984 ba, lokacin da gwamnatin soja ta Najeriya ta sauya launin naira ta kuma rufe iyakoki, fatake suka wayi gari da damman kuɗin da ba su da hanyar canzawa. A watan Janairu na 1994, wato shekarar yajin aikin can, aka karya darajar sefa da rabi. A ƙarshen 2022 da farkon 2023 aka sake tayar da hankalin masu naira da batun sababbin takardun 200 da 500 da 1.000. To, wannan kuɗin ƙasa ke nan, wanda ke da babban banki da doka da kotu a bayansa. Ina ga ɗan kwalin da babu abin da ke bayansa sai alkawarin ɗan kasuwa?

Zagaye na biyu

An ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma kwaɗayi ba ya karatun tarihi. Kamfanonin sun koyi darasi ɗaya daga faɗuwar 1994: tun da yawa ne ya kashe kasuwa, to a ƙera ƙaranci. Sai aka fara buga kati mai lamba, ɗaya cikin 99, ɗaya cikin 10, ɗaya tak. Wani da sa hannun ɗan wasa, wani da ƙyallen rigarsa. Ana ɓoye su a cikin dubban ƙunshi rufaffu, ta yadda sai an sayi tarin banza kafin a yi dace da guda. Aka kuma samu kamfanonin tantancewa, irin su PSA da aka kafa a 1991, masu duba kati su ba shi maki daga 1 zuwa 10 su rufe shi a cikin roba. Abin dariya, kati na farko da wannan kamfani ya tantance na Wagner ne, ya ba shi maki 8; a 2013 wani babban dillali mai suna Bill Mastro ya amsa a gaban kotu cewa ya datse gefunan katin don ya yi kyan gani, ya kuma amsa cewa ana yin tayin ƙarya a gwanjonsa don a tayar da farashi.

Da annobar korona ta kulle mutane a gida a 2020, zazzaɓin ya dawo. Katin Michael Jordan na ƙwallon kwando, bugun Fleer na 1986 mai maki 10, ya kai dalar Amurka 738.000 a farkon 2021. A watan Maris na shekarar PSA ya dakatar da karɓar mafi yawan katuna saboda sun fi ƙarfinsa. A watan Mayu manyan shagunan Target suka daina sayar da su na wani lokaci, bayan wani rikici da ya kai ga zaro bindiga a jihar Wisconsin. Kafin shekara biyu ta cika, irin wancan kati na Jordan ya koma ƙasa da sulusin kuɗinsa. Wannan fa kati ne na gwanin gwanaye. Na ƙananan ƴan wasa ba a ma maganarsu.

Sai aka ƙara wani mataki: aka cire takardar ma gaba ɗaya. A dandalin NBA Top Shot ana sayar da ɗan guntun bidiyo na daƙiƙa kaɗan, wanda kowa ke iya kallo kyauta a intanet, tare da wata lambar kwamfuta mai cewa wane ne mai shi. A watan Fabrairu na 2021 an yi cinikin sama da dalar Amurka miliyan 200 a wurin, har wani ya sayi tsalle ɗaya na LeBron James a kan 208.000. Bayan shekara guda da ƴan watanni cinikin ya zube da fiye da kashi 90 cikin ɗari. A Faransa kamfanin Sorare, mai sayar da katunan ƴan ƙwallon ƙafa na kwamfuta, an ƙiyasta darajarsa dalar Amurka biliyan 4 da miliyan 300 a watan Satumba na 2021. A 2024 hukumar kula da caca ta Ingila ta maka shi kotu bisa zargin gudanar da caca ba da lasisi ba, zargin da kamfanin ya musanta.

Nan ne maganar ta iso ƙofar gida. Katin kwali sai an yi dakon sa daga Turai, shi ya sa bai taɓa talauta kowa a Tajaye ba. Na kwamfuta kuwa ba ya bukatar mota ko kwastan; wayar da ke aljihun ɗalibi ta ishe shi. Ƙasar kuma a share take. Kowa ya ga yadda samari a Nijar da arewacin Najeriya suka kwashe watanni a 2024 suna dannar fuskar waya dare da rana a kan wasan Hamster Kombat, suna jiran arziki, da yadda fuskoki suka yamutse a ƙarshen Satumba da aka raba abin da aka raba. Kunnen da ya saurari wancan alkawari zai saurari na katin Mbappe.

Amsa ga masu kare cinikin

Wani zai ce ai wasan yara ne, me ya kawo tayar da jijiyar wuya? To a yi lissafi. Kamfanin Panini na birnin Modena a Italiya, wanda ya fara buga hotunan ƴan ƙwallo a 1961 ya kuma fitar da kundinsa na farko na gasar duniya a 1970, ya sa gurbi 682 a kundin gasar 2018. A lokacin an riƙa sayar da hotunan biyar-biyar a ƙunshi rufaffe. Da ba a samun maimaici, ƙunshi 137 sun isa. Amma wani malamin lissafi na jami'ar Cardiff, Paul Harper, ya auna cewa mutum ɗaya mai saye shi kaɗai zai bukaci ƙunshi wajen 967, wato kusan fam 774 na Ingila, sama da sefa 550.000. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun Janairu 2024 sefa 42.000 ne a wata. Ke nan cika kundi ɗaya ya fi albashin lebura na shekara guda. Malamin ya ƙara da cewa idan abokai goma suka haɗu suna musaya, kuɗin kowa zai sauka zuwa kusan sulusi. Ashe yaran gindin dogon yaro sun fi magidantan Amurka basira: musaya ce ke karya lagon mai inji, ɓoyo kuwa shi ke ciyar da shi.

Wani zai ce ai akwai waɗanda suka ci riba. Gaskiya ne, kamar yadda kowace caca take da wanda ya ci. Amma a duba su wane ne: kamfanin da ya buga, kamfanin da ya tantance, dillalin gwanjo mai yankar la'adarsa ko farashi ya hau ko ya sauka, sai kuma ƴan tsirarun da suka shiga da wuri suka fita da wuri. Ribarsu daga aljihun wanda ya zo ƙarshe take fitowa, mutumin ƙauye kuwa a kullum shi ne ke jin labari a ƙarshe.

Wani kuma zai ce kowace sana'a da riba da asara, ko mai kiwon rago yakan faɗi. Haka ne. Sai dai mai rago ya ga ragonsa, ya taɓa shi, ya duba haƙoransa kafin ya biya. In kasuwar layya ta ƙi, ya yanka ya ci da iyalinsa. Mai sayen ƙunshi rufaffe bai san abin da ya saya ba sai bayan kuɗi sun bar hannunsa. Malaman fiƙihu suna da suna ga irin wannan, garari suke ce masa. Bahaushe ya ce cinikin biri a sama.

Asarar da ba a lissafa ba

Duk da haka, babbar asarar ba ta kuɗi ba ce. A shiga kowane aji a Malbaza ko Badagishiri a ɗaga hoton Messi, babu ɗalibin da zai yi shiru. A ɗaga na Kantu na Maraɗi, wanda ya lashe gasar kokowa ta ƙasa ta farko da aka yi a nan Tawa a 1975, a ga hannu nawa zai tashi. A tambayi kamannin Salma Ɗan Rani na Doso, ko Langa-Langa na Damagaram, ko Kadade na Tawa. A tambayi wane ne Issaka Dabore, ɗan damben da ya kawo wa Nijar lambarta ta farko ta gasar Olimpik daga birnin Munik a 1972, shekara 44 kafin Abdul Razak Alfaga ya kawo ta biyu daga Riyo a 2016. Ko ƙwallon da Musa Ma'azu ya zura wa Masar a Yamai a watan Oktoba na 2010, wadda ta share wa Mena hanyar zuwa gasar Afirka ta 2012 karo na farko, yara nawa ne suka taɓa ganin hotonta? Waɗannan ma su ne masu suna. A bayansu akwai ɗaruruwan gwanayen ƙauye na ƙasar Adar da Ƙonni, waɗanda suka girgiza filayen kokowa bayan kowace kaka, suka tsufa, suka rasu, hotonsu ɗaya tilo yana maƙale a bangon ɗakin wata tsohuwa, hayaƙi na cin sa.

Ba wai Hausa ba ta da hanyarta ta adana gwani ba ne. Tana da ita tun kafin a ƙera injin buga takarda: kirari da waƙar maza. Duk abin da ake rubutawa a bayan katin Bature, wato suna da gari da yawan nasarori, makaɗi ya riga ya zuba shi a cikin kirari, ya ƙara da sunan waɗanda aka kayar da wurin da aka kayar da su. Shago ya daɗe da barin fagen dambe, amma saboda Ɗan Anace har gobe ana ambaton sa daga Sakkwato zuwa Agadas. A nan ne bambancin yake, kuma shi ne zuciyar maganar. Kati yana tsada ne muddin wasu ba su da shi; mai shi addu'arsa kullum ita ce na sauran mutane ya ƙone. Kirari kuwa gwargwadon yawan bakunan da suka haddace shi, gwargwadon nauyinsa. Al'ummar da ta gaji irin wannan taska, idan ta koma tana koya wa ƴaƴanta cewa darajar gwani ita ce a kulle hotonsa a cikin roba a hana kowa taɓawa, to ta yi canjin da ba riba.

Shi ya sa ya kamata a yi hattara da wata shawara mai daɗin ji wadda ba za ta rasa masu kawo ta ba: a buga wa ƴan kokowa katuna ƙididdigaggu, a rufe a ƙunshi, a sayar a lokacin gasar takobi, wai don raya al'ada. Kasuwar tana nan kuwa, domin jihohi takwas ne ke turo ƴan kokowa goma-goma kowace shekara, kuma sunan Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023, ya isa ya sayar da kowace irin takarda. Amma wannan shigo da cutar ne da rigar gida. Ranar da yaro ya fara duban fuskar ɗan kokowa yana tambayar nawa za ta yi baɗi, ranar ce kokowa ta tashi daga gado ta koma tikitin caca.

Aikin da ke gaban malamai da ƙungiyoyi

Ba a ce a hana yara tara hotuna ba. Son tara abu da jera shi da musayarsa ɗabi'a ce mai kyau, kuma malami mai dabara yana iya hawa kanta ya isar da karatu.

Malamin lissafi yana da darasi a shirye: ya kawo kundin Panini a allo, ɗalibai su gano da kansu dalilin da ya sa hoto na ƙarshe ya fi na farko wuyar samu, su auna kuɗin da buhunan hatsi. Yaron da ya yi wannan lissafi sau ɗaya ya samu rigakafin da zai yi masa amfani a gaban kowane mai tallar arzikin dare ɗaya.

Malamin Hausa da na Faransanci su tura ɗalibai gida a lokacin hutu, kowa ya nemo tsohon ɗan kokowa ko ɗan dambe ko gwanin langa na garinsu, ya ɗauki hotonsa da izininsa, ya rubuto kirarinsa da tarihinsa daga bakinsa. A tsara su a ƙananan katuna, fuska ɗaya Hausa, ɗaya Faransanci. A buga da yawa, a raba kyauta ko a kan kuɗin takarda kawai, a bar ƙofa buɗe ga duk mai son ya sake bugawa. Kada a rufe su a ƙunshi, kada a sa masu lambar ƙaranci. Idan wani abu ya shigo, rabon mai hoton ne da iyalinsa. In kuwa ya ƙi, a mutunta ƙinsa, domin haƙƙin da Wagner ya riƙe a 1909 ɗan kokowar Tajaye ma yana da shi.

Ƙungiyoyin al'adu da gidajen matasa su kuma su bi tsofaffin masu ɗaukar hoto na Ƙonni da Tawa da Ilela, waɗanda akwatunansu ke cike da hotunan bukukuwa da filayen kokowa, su kwafe su kafin zafi da gara su gama da su. Wuraren ajiya ba su yi ƙaranci ba: ga cibiyar CELHTO da ta IRSH a Yamai, waɗanda aikinsu ke nan na adana abin da aka gada ta baki, ga gidan tarihi na Bubu Hama, ga kuma jami'ar Tawa mai ɗauke da sunan Jibo Hamani, masanin tarihin Adar. A ajiye kwafi a can, a bar kwafi a makarantar garin da aka samo shi.

Wannan aiki ba ya jiran tallafin wata ƙasa. Waya ɗaya da kaye ɗaya da ladabin zama gaban dattijo sun isa a fara. Abin da ba ya jira shi ne lokaci. Waɗanda suka shiga fili a Tawa a 1975 da ƙuruciyarsu, mai rai a cikinsu yau ya haura shekara 70, haka ma makaɗan da suka yi masu kirari da ƴan kallon da suka ga faɗuwar da tashin. Kowace damina tana tafiya da wasu daga cikinsu. Allah ya sa kafin kaka mai zuwa a samu ko da aji ɗaya a Tajaye da zai fara.